Idan Aka Toshe Hanyar da Kuɗin Ciniki ke Bi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Dagaci, malamanmu, iyayenmu mata da ke zaune can baya, da 'yan uwana matasa, sannunku da zuwa. Na san gobe Alhamis ce, kasuwar Maigatari, wasunku da asuba za su kama hanya, don haka ba zan tsare ku da yawa ba.

An ce in yi magana kan tallan kaya a WhatsApp da Facebook. To, wannan kun riga kun iya. Akwai 'yan mata a garin nan da ke tura turaren wuta har Abuja, akwai samarin da ke ɗaukar hoton rago a turke su sayar wa mutumin Legas bai taɓa ganinsu ba. Abin da nake so mu duba shi ne ranar da mai saye ya shirya, kai ma ka shirya, amma hanyar da kuɗin zai bi ya iso hannunka an toshe ta. Wannan ranar ta sha zuwa a ƙasar nan.

Ku tuna farkon 2023. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar zai sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsoffin kuɗi suka koma banki, sababbi ba su fito ba. Mutanen birni suka ce ai masu sayarwa ta intanet su kam sun huta, tunda dama taransifa ake yi musu. Wanda ya faɗi haka bai san cinikin ƙauye ba. Ƙanwata tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta waya. A lokacin alat bai daina shigowa ba, kuɗi na kwance a asusu. Amma tsohuwar da ke soya mata ƙulin ba ta da waya, balle asusu. Mai gyaɗa a kasuwa ya ce shi tsaba yake so. Direban da zai kai kayan Kano ya ce a ba shi a hannu, fetur zai sha. Na raka ta wurin mai POS, da idona na ga an cire dubu biyu cikin dubu goma, bayan mun yi layi tun hantsi har azahar. Ribar jarka guda ta tafi a nan.

Yadda ta fita shi ne abin da nake so ku riƙe. Ta je wurin mai shagon unguwar tsohuwar nan, wanda yake da asusu. Suka yi magana su uku: ita za ta tura masa kuɗin aikin, tsohuwa ta ɗebi gero da omo da magi daidai kuɗinta, ana rubutawa a littafi. Direba kuma aka daidaita a tura wa mai gidan mai kai tsaye. Babu wata manhaja da ta koya musu wannan, sanayya ce da amana ta shekaru. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsoffin kuɗi, amma kafin nan masu ƙaramin jari da yawa sun riga sun durƙushe.

Kafin wannan ma an rufe wata ƙofar, sai dai ba kowa ya ji ba. A 2022 bankuna suka rage abin da za ka iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka dakatar gaba ɗaya. Mai biyan kuɗin talla a Facebook, da mai yin odar kayan waya daga Chana, suka wayi gari kati ba ya wucewa. Wasu suka koma katin dala na manhaja, wasu suka riƙa ba dillalai naira a Kano su biya musu. Waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda suka koma kan lambobin tsoffin kwastomominsu, suka ce duk wadda ta kawo sabuwar mai saye za a yi mata ragi. Sai tsakiyar 2025 wasu bankunan suka sake buɗe katin. A Maris ɗin 2024 kuma Binance, manhajar cinikin kuɗin intanet na kirifto, ta daina hulɗa da naira, masu karɓar kuɗin aiki daga waje ta can suka shiga neman wata hanyar. Bayan wata guda aka hana OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda buɗe wa sababbin mutane asusu har zuwa watan Yuni.

Wanda ya fi kama ni shi ne na 3 ga Yunin 2024, ranar da aka soke lasisin bankin Heritage. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki. Yaya ta biya mutane? Ta bi lambar BVN ɗinsu, ta nemo asusun da suke da shi a wani bankin, ta zuba musu a can. Wanda ba shi da asusu na biyu sai da ya bi ta hanyar cike takardu da jira. Shi ya sa nake roƙonku, duk wanda ke ciniki ta waya ya mallaki asusu biyu a gidaje daban, ɗaya na banki ɗaya na manhaja, kuma ya riƙa motsa kowanne ko da sau ɗaya a wata. Ranar da rijiya ta rufta ba ita ce ranar fara haƙa wata ba.

Iyayenmu mata, a nan da ku nake. Da yawanku da asusun maigida ko na ƙane kuke karɓar kuɗin sana'arku. Ban ce akwai mai cin amana ba. Amma in aka rufe asusun nan saboda wata matsala tasa, jarinki ya maƙale, kuma a takarda ba ki da ko kwabo a ciki. Ki yi NIN, ki yi BVN, ki buɗe da sunanki. Maza, ku taimaka ku kai su, tafiyar yini guda ce zuwa Gumel.

Sai kuma ranar da dole ta sa ka canza lambar asusu. A nan ɓarayi ke jira. Suna kwace WhatsApp ɗin mai kaya, su rubuta wa kwastomomi cewa an canza asusu, a tura nan. Don haka in canjin gaskiya ne, kada ka tsaya kan rubutu. Ka yi saƙon murya, manyan kwastomominka ka kira su ɗaya bayan ɗaya, kuma sunan da zai fito a sabon asusun ya zama wanda suka saba gani. Tun yau ka gaya musu: duk ranar da kuka ga sabuwar lamba, ku kira ni kafin ku tura. Haka nan lokacin da sabis ke wasa, kada hoton rasit ya sa ka ɗora kaya a mota. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. In mai saye ya ce an cire masa ba su iso ba, ka yi masa magana mai daɗi, ka ware masa kayansa a gefe, ka sa masa suna, har banki ya warware.

Lambobin kwastomomi kuma ku kwafe su a littafi da biro, da garin kowa da abin da yake saya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a tasha.

Na ga ladan ya miƙe. Bayan la'asar zan zauna a nan ƙarƙashin darbejiya, duk mai son mu duba asusunsa tare ya zo da wayarsa da takardar NIN ɗinsa. Wassalamu alaikum.