Unguwar 'Yan Shekara 55 a Amurka: Kafin Ka Sayar da Gidan da Ka Raini 'Ya'yanka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Bidiyon yau na iyayenmu ne da yayyenmu mazauna Amurka, waɗanda suka kwashe shekaru suna neman halaliya a Maryland, ko Houston, ko Chicago, ko New Jersey. Yara sun girma, kowa ya kama gabansa. An bar Alhaji da Hajiya su biyu a gida mai ɗaki huɗu. Hawa bene ya fara yi wa gwiwa nauyi, ciyawa tana jiran yanka, da hunturu ga dusar ƙanƙara a bakin gareji, harajin gida kuma kullum gaba yake yi. Ana cikin haka sai takardun talla su fara shigowa: ku sayar da wannan ƙaton gida, ku dawo unguwar da aka gina domin 'yan shekara 55 zuwa sama.

Hotunan suna da kyau, ba a musu. Amma mu fara da sanin mece ce wannan unguwa.

Ba gidan kula da tsofaffi ba ce. Babu nas, babu mai ba ka magani, babu mai dafa maka abinci. Unguwa ce ta masu sauran ƙarfi a jika, gidajen galibi ƙanana ne marasa bene, kai ne mai gidanka, kuma akwai ƙungiyar masu gidaje, wadda suke kira HOA, da ke kula da tituna da ciyawa da wurin ninkaya da zauren taro. Kuna biyanta kuɗi kowane wata, ita kuma tana kafa muku dokoki.

Abin ya samo asali ne a jihar Arizona. Ranar 1 ga Janairun 1960 wani maginin gidaje mai suna Del Webb ya buɗe Sun City a gefen birnin Phoenix, da gidaje biyar na nuni, da filin wasan golf, da rukunin kantuna. Mutum kusan 100,000 suka je kallo a kwanakin farko. Daga nan sana'ar ta bazu. A Silver Spring ta jihar Maryland akwai Leisure World, a California akwai Laguna Woods Village, a Florida kuma akwai The Villages, wadda ta girma har ta zama gari sukutum, mutane suna zuwa kasuwa da asibiti a ƙananan motocin golf. A ƙidayar 2020 an ga cewa babu yankin birni a duk Amurka da yawan jama'arsa ya ƙaru da sauri kamar na The Villages cikin shekara goma da suka gabata.

To ta yaya doka ta yarda a hana yara zama a unguwa? Dokar gidaje ta tarayya ta 1968 ta haramta nuna bambanci wajen sayar da gida ko haya saboda launin fata, ko addini, ko ƙasar asali. A 1988 aka ƙara da cewa ba a hana mutum gida don yana da yara. Amma aka bar ƙofa ɗaya a buɗe domin gidajen dattawa, kuma dokar 1995 da ake kira HOPA ta fayyace sharuɗɗan. Aƙalla kashi 80 cikin 100 na gidajen da ake zaune a ciki, dole kowanne ya kasance da mutum ɗaya mai shekara 55 ko fiye. Dole unguwar ta rubuta manufarta a fili, kuma ta riƙa tantance shekarun mazauna duk bayan shekara biyu. Idan ta yi sake lissafin ya rushe, ta rasa wannan dama. Shi ya sa za ka ga ba sa ɗaga ƙafa. Garin Youngtown, maƙwabcin Sun City wanda ma ya riga ta kafuwa tun 1954, ya hana wani yaro ɗan shekara 16 ci gaba da zama wurin kakanninsa, aka kai ƙara, hukumar jiha ta bincika, a 1998 garin ya rasa ƙa'idar shekarun baki ɗaya. Sauran unguwanni sun ga abin da ya faru, suka ƙara ɗaure takardunsu.

Ka riƙe wannan: shekaru kaɗai aka ba su damar dubawa. Babu mai ikon hana ka gida don kai Musulmi ne, ko baƙar fata, ko don Hajiya tana sa hijabi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma a nan zan daɗe. Wanda ya tsara waɗannan unguwanni, miji da mata biyu rak ya hango, jikoki su zo hutu su kwana uku su tafi. Gidan Bahaushe kuwa ba haka yake ba, ko a Kano yake ko a Columbus. Don haka kafin ka tambayi faɗin kicin, tambayi wa aka yarda ya kwana a gidanka, kuma kwana nawa.

A The Villages, wanda bai kai shekara 19 ba, kwana 30 kacal aka yarda ya yi a shekara. A Sun City kwana 90 ne cikin wata 12. Kowace unguwa da nata adadin. Hajiya, ki lissafa da kanki. 'Yarki ta haihu, ta dawo gida wankan jego, sai an yi arba'in. Jaririn nan a idon dokar unguwa yaro ne da bai kai 19 ba, kuma 40 ta fi 30. Ko a ce auren ɗiya ya samu matsala, Allah ya kiyaye, ta dawo da yara biyu kafin a sasanta. Ko ɗan ƙaninka ya zo karatu daga gida yana ɗan shekara 17, ka ce ya zauna wurinka. Ko riƙon jika, wanda a wurinmu ko tambaya ba a yi. Duk waɗannan, idan suka wuce kwanakin da aka yarda, a unguwar 'yan 55 laifi ne da ake rubuto maka takardar gargaɗi a kai, daga nan tara, daga nan lauya. Kuma maƙwabta ne ke kai rahoto, domin su ma kuɗi suka biya don kada su ji kukan yaro.

Sai maganar da ba a son yi amma dole a yi ta. A gidajenmu da yawa maigida ya girmi uwargida da shekara goma ko fiye. Alhaji yana da 62, Hajiya tana da 49. Shigarku ba matsala, tunda mutum ɗaya ya cika sharaɗi, sai dai wasu unguwanni suna da mafi ƙarancin shekaru ga mutum na biyu. Amma idan ta Allah ta kasance ga Alhaji kafin Hajiya ta cika 55 fa? Dokar tarayya ba ta tilasta wa unguwa ta bar ta ba. Wasu suna ajiye ragowar kashi 20 ɗin nan domin irin wannan hali, wasu kuwa suna ba da wa'adi. Kada ka karɓi amsar dillali da baki. Ka ce a nuna maka shafin da aka rubuta. Haka batun gado: 'ya'yanka za su iya gadar gidan, amma ba lallai su iya zama a ciki ba, sai dai su sayar, kuma masu sayen da za su zauna a ciki dattawa ne kawai. Kafin a samu mai saye, kuɗin HOA yana ci gaba da hawa kansu kowane wata.

Mu koma kan kuɗi. Idan ka sayar da gidan da ka zauna cikinsa aƙalla shekara 2 cikin 5 na ƙarshe, gwamnatin tarayya ba ta karɓar haraji a kan ribar da ta kai dala 250,000 ga mutum ɗaya, ko dala 500,000 ga miji da mata masu cika takardar haraji tare. Riba aka ce, wato abin da ya hau kan kuɗin da ka saya da manyan gyare-gyaren da ka yi, don haka ka nemo rasitan sabon rufi da na gyaran kicin. Matar da mijinta ya rasu tana iya cin moriyar dala 500,000 ɗin idan ta sayar cikin shekara 2 da rasuwar, matuƙar ba ta sake aure ba.

Wannan ɓangaren mai daɗi ke nan. Ɗaya ɓangaren shi ne ƙaramin gida ba ya nufin ƙaramin kashe kuɗi. Kuɗin HOA na wata-wata yana ƙaruwa, kuma idan ka daina biya ƙungiyar tana iya ɗora bashin a kan takardar gidan, har ta kai ga a yi gwanjonsa. Wurare da dama suna karɓar wani dunƙulallen kuɗi daga sabon mai saye ranar da aka rufe ciniki. A sababbin unguwannin Florida akwai abin da ake kira CDD: bashin da aka ci aka yi tituna da bututun ruwa, aka raba shi a kan gidaje, kana biya tare da harajin shekara har tsawon shekara 20 ko 30. Bashi ne mai ruwa. Wanda ya sayar da tsohon gida ya biya sabo lakadan don ya guje wa kuɗin ruwa, ya tambaya ko akwai wannan a kan gidan, kuma nawa ne idan za a biya shi gaba ɗaya. Akwai kuma unguwannin da farashin gidan zai ba ka mamaki don arha, ashe ginin ne naka, filin haya ne, kuma mai filin yana ƙara kuɗin haya yadda yarjejeniya ta ba shi dama.

Takarda ɗaya da nake ganin ta fi hoton wurin ninkaya muhimmanci ita ce rahoton asusun ajiya na ƙungiyar, wato kuɗin da suka tara domin ranar da rufi ko titi zai buƙaci sabuntawa. Idan asusun ya bushe, ranar gyara kowane gida za a yanka wa kasonsa a biya a dunƙule. Bayan benen Champlain Towers South ya rushe a garin Surfside na Florida ranar 24 ga Yunin 2021, mutum 98 suka rasu, Florida ta yi doka a 2022 da ta tilasta binciken tsofaffin benaye masu hawa uku zuwa sama da kuma cika asusun gyara. Dattawa da yawa masu zama a irin waɗannan benaye sun wayi gari da takardar biyan dubban daloli. Ka karɓi wannan rahoto, ka haɗa da bayanan zaman ƙungiyar na shekarar da ta wuce. A cikinsu za ka ga rigingimun da dillali ba zai faɗa maka ba.

Florida da Texas ba sa karɓar harajin kuɗin shiga na jiha, gaskiya ne, amma inshorar gida a Florida tana da tsada saboda guguwa, harajin gida a Texas kuma yana da nauyi. Kuma kada ka dogara da harajin da tsohon mai gidan yake biya, domin a jihohi irin su Florida da California ana sake ƙiyasta darajar gida idan ya canza hannu. 'Yan California masu shekara 55 suna da sauƙi ɗaya: tun 2021 doka ta ba su damar ɗaukar tsohon ƙiyasin harajinsu zuwa sabon gida a ko'ina cikin jihar, har sau uku.

Wani zai ce zafin Arizona ai ba zai dami wanda ya tashi a Sakkwato ko Agadas ba. A lokacin zafin 2023, Phoenix ta yi kwana 31 a jere zafi yana kaiwa digiri 43 ko fiye, kuma a gundumar Maricopa, inda Phoenix take, mutum 645 suka mutu sanadin zafi a wannan shekara. Jikin ɗan shekara 70 mai shan maganin hawan jini ba jikin saurayin da ya baro gida ba ne.

Sai lafiya. Kana shiga da 60 kana tuƙi, kana zuwa motsa jiki. Da 80 fa? Yawancin waɗannan unguwanni a bayan gari suke, babu bas, babu jirgin ƙasa. Ranar da likita ya ce ido bai yarda da tuƙi ba, wa zai kai ka asibiti? Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati wadda ake shiga da shekara 65, ba ta biyan kuɗin mai zuwa ya yi maka wanka da girki na dogon lokaci. Akwai wani tsarin daban da ake kira CCRC, inda ake fara zama da ƙarfi, idan jiki ya yi rauni a matsa da kai sashen kulawa a harabar guda, amma kuɗin shigarsa sau da yawa ɗaruruwan dubban daloli ne. A gidan da za ka saya kuwa, duba ko akwai tudu a bakin ƙofa, ko keken guragu zai wuce ta ƙofar bayi, ko wurin wankan sai an ɗaga ƙafa. Sannan ka tambaya ko an yarda mai jinya ɗan ƙasa da 55 ya zauna tare da kai.

Ka auna nisan masallacin Juma'a da agogo, a mota, a ranar Juma'a. 'Yan'uwanmu Kirista su auna na cocinsu. Ina ake samun naman halal? Ina maƙabartar Musulmi mafi kusa, kuma su wa za su yi maka wanka da salla? Jama'ar da ka shekara 25 kana tarawa, ta suna da biki da ta'aziyya, ba ta bin motar kaya. A ganina wannan ne dalilin da ya sa unguwar da ke minti 20 daga tsohon gidanka sau da yawa ta fi wadda ke wata jiha, ko da ta can ta fi kyau a hoto. Ka kuma karanta ƙa'idar baƙi da ta ajiye motoci, ka tuna ranar Salla motoci nawa ke tsayawa a ƙofarka.

Masu niyyar raba shekara biyu, rabi a Amurka rabi a gida, su ne irin wannan unguwa ta fi yi wa rana: ka kulle ƙofa ka tafi, ana yanka ciyawa, akwai masu gadi a wasu wuraren. Sai dai idan kana so ka sa ɗan haya kafin ka dawo, wasu unguwanni sun hana, wasu sun ƙayyade. Medicare a mafi yawan hali ba ta aiki a wajen Amurka, kuma mai katin zama da bai zama ɗan ƙasa ba ya yi hattara da wuce wata shida a waje ba tare da shawarar lauya ba.

Ba a cinikin biri a sama. Manyan kamfanoni irin su Del Webb da The Villages suna da tsarin da za ka biya kuɗi kaɗan ka yi 'yan kwanaki a unguwar, amma wannan ziyarar talla ce, abin da suke so ka gani shi za ka gani. Abin da ya fi shi ne ka kama haya na wata uku zuwa shida kafin ka sa tsohon gidanka a kasuwa, kuma ka zaɓi lokacin da yanayin wurin ya fi muni: Yuli a Arizona, Satumba a Florida. Ka zauna a zauren taro ka tambayi waɗanda suka daɗe sau nawa aka ƙara kuɗin wata cikin shekara biyar, da kuma gidaje nawa ne a layinsu aka sa a kasuwa suka daɗe ba a saya ba. Kundin dokokin kuma, komai kaurinsa, ku karanta shi ku biyu, ku ba ɗaya daga cikin yaran ya karanta, sannan lauyan gidaje na wannan jihar ya duba shi kafin a sa hannu a kan komai.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba. Ku huta lafiya.