Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Farish da Makarantarsa Ke Kafuwa

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar yau daga Tafawa Ɓalewa ta fito, inda wata baiwar Allah ke tambaya: yaya majami'ar ƙauye ke zama farish, wato yanki mai limamin kansa, a Cocin Katolika, kuma me ya sa makarantar wani farish ke bunƙasa, ta wani ta durƙushe?

To Malama, a da yankin nan ƙarƙashin dayosis ta Jos yake, wato yankin da bishop ke shugabanta. A 1996 aka ware Bauchi, ta zama cikakkiyar dayosis a 2003, ta haɗa jihohin Bauchi da Gombe. Bishop na farko shi ne John Moore, ɗan ƙasar Ailan.

Galibi farish da katekis, wato mai koyar da addini wanda ba limami ba, yake farawa. Shi ke tara mutane a rumfar zana, ya koyar da addu'a, ya shirya masu neman baftisma, Fada, wato limamin coci, kuwa sai lokaci-lokaci ya zo kan babur ya yi Misa. Idan jama'a ta ƙaru, baikon da masu ibada ke bayarwa a coci ya isa riƙe Fada, an kuma gina masa gida, sai bishop ya shawarci majalisar limamansa, ya yanka iyaka, ya naɗa Fada, a buɗe littafin baftisma na wurin.

Makaranta kuwa, da yawa daga cikin na mishan gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970, shi ya sa za ki ga tsohon farish da sabuwar makaranta. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara da ajin ƙananan yara, kowace shekara a ƙara aji ɗaya, a nemi amincewar Ma'aikatar Ilimi tun da wuri, a ɗauki malamai masu aƙalla shaidar NCE.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne fili. Dattijo ya ba da gona da baki, an shafa addu'a, babu takarda. Ranar da ya kwanta dama, magada su zo da igiyar awo har ƙofar aji. A rubuta kyautar gaban shaidu da mai unguwa, a auna filin, a nemi takardar mallaka da sunan dayosis, kada a sa sunan Fada, domin ana yi masa canjin wurin aiki.

Sai kuɗi. Muddin aka zuba kuɗin makaranta da baikon Lahadi a asusu ɗaya, rufin coci zai cinye albashin malamai, su kuma su watse a tsakiyar zango. Dokar Coci ta wajabta wa kowane farish kwamitin kuɗi. Ki tambayi naku ko makarantar na da asusunta daban.