Shuɗi ne ke ba mu wahala: lacca kan sabbin sinadarai masu fidda haske

Assalamu alaikum. To jama'a, kowa ya ɗan kalli fuskar wayarsa. In irin fuskar da ake kira OLED ce, kowane ɗigo da kake gani shi ke kunna kansa da kansa, babu wata fitila a bayansa, shi ya sa baƙinta yake baƙi ƙirin, ai kashe ɗigon kawai aka yi.

Abin ya daɗe fa. Tun 1907 wani ɗan Ingila, Henry Round, ya sa wa silikon kabayid wutar lantarki ya ga yana ƙyalli. Jar LED, wato 'yar fitilar da sinadarinta ke fidda haske in wutar lantarki ta ratsa shi, ta fito 1962, amma shuɗiya mai ƙarfi sai da aka kwashe kusan shekara 30 ana fama kafin Akasaki da Amano da Nakamura su dace, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Ku riƙe shuɗin nan, za mu dawo kansa.

OLED kuwa Tang da Van Slyke ne suka buɗe ƙofarta a kamfanin Kodak a 1987, da sinadarai masu kabon. Yadda take aiki, ilektiron ya taho ta nan, gurbin da ba ilektiron ya taho ta can, su haɗu a tsakiya, sai haske. Sai dai a sinadaran farko, cikin haɗuwa huɗu ɗaya ce tak ke ba da haske, ukun sun tafi a zafi, wato kashi 75 asara kenan, kun ga ai ba kasuwa. A 1998 aka gano in an cusa ƙarfe mai nauyi, filatinom, daga baya iridiyom, ukun nan ma suna haskawa. To iridiyom ɗin kuma ƙaranci gare shi, ga tsada. Sai Farfesa Adachi na Jami'ar Kyushu a Japan ya zo a 2012 da wata dabara da ni dai ta fi burge ni, babu ƙarfen ko kaɗan, ɗumin da ke jikin abin shi ke dawo da ukun nan su zama haske.

A OLED ɗin, ja da kore sun zauna lafiya. Shuɗi fa? Shi ya fi kowa ƙarfi, ƙarfin nasa ke tsinka sinadarin da ke fidda shi, sai ya riga sauran tsufa, yana cikin dalilan da tsohon hoto ke maƙalewa a fuskar talabijin.

Akwai kuma ɗigon kwantom, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da girmansu ke yanke launi, ƙarami shuɗi, babba ja, waɗanda suka gano su ma sun ci Nobel a 2023. Amma kar talla ta ruɗe ku, yawancin talabijin da aka rubuta wa QLED fitila ce shuɗiya ke haska su ta baya. Ferobiskayit kuma, wani sinadari mai fidda haske, launinsa tas, ga sauƙin haɗawa, sai dai dalma ce a cikinsa kuma da ya sha danshi ya lalace, shuɗinsa ma ya fi saurin mutuwa.