Wanda ya bi sawun mutum, shi ne kuma mai kare kai?

Masu sauraro, akwai maganar da ake ta yi a fadojin Tawa wadda ta ishe ni: wai a bar 'yan sintirin unguwa su riƙe bindiga, in ɓarawo ya taso musu su kare kansu. To, bayan an yi harbin, wa zai gaya mana cewa mutumin ne ya taso? Wanda ya harba, shi kaɗai. Ɗayan yana cikin likkafani.

Ku dubi abin da ya faru a garin Sanford na jihar Fulorida a Amurka, ranar 26 ga Fabrairun 2012. Trayvon Martin, ɗan shekara 17, ya fito daga kanti da alawa da abin sha, ko allura babu a jikinsa. George Zimmerman, ɗan sintirin unguwa, ya ga bai yarda da shi ba, ya buga wa 'yan sanda waya. Aka tambaye shi ko bin yaron yake yi, ya ce e, aka ce masa ba a buƙatar hakan. Ba a jima ba yaro ya faɗi da harsashi a ƙirji. Zimmerman ya ce yaron ne ya far masa. A Yulin 2013 masu taya alƙali hukunci, mata 6, suka wanke shi.

An yi kokawa, ban musa ba, an ga rauni a hancinsa da ƙeyarsa. Amma wa ya fara? Dare ne, ana ruwa. An naɗi ihun neman agaji a waya: uwar yaron ta ce muryar ɗanta ce, uwar Zimmerman ta ce ta nata ɗan ce. Rachel Jeantel, wadda take waya da yaron a lokacin, ta shaida cewa ya gaya mata wani yana bin sa. Lauyoyi suka tono ƙaryar da ta yi kan shekarunta da dalilin rashin zuwanta jana'iza, shaidarta ta yi rauni. Cikakken labari ya rage a bakin mutum ɗaya, mai bindigar.

A Amurka ke nan fa, inda ake naɗar waya, likita ya binciki gawa. Mu nan? Lungu babu fitila, shaidu abokan sintirinsa ne, kafin azahar an binne gawa. Haba jama'a!

Za a ce mini na manta da Tillia ta jihar Tawa, inda aka kashe mutum 137 a Maris na 2021. Ban manta ba. Waɗancan mahara ne a kan babura, tunkararsu aikin soja ne. Bindigar ɗan sintirin unguwa kuwa, yaro mai dawowa daga kallon ƙwallo za ta tarar, ko baƙon da ya ɓata hanya.

A ba su tocila da usur da lambar komisariya, wanda suka kama su miƙa shi da ransa ya yi magana da bakinsa. Wanda kuma ya bi mutum da bindiga har ya kashe shi, alƙali ya fara tambayarsa wa ya aike shi bin, kafin a saurari batun kare kai.