Darasi: Stellaris da ƙarin Utopia, abin da na gani a satin farko

Assalamu alaikum ya shabab, 'yan uwa na Jidda da Makka da Madina da duk inda kuke kallo, barkanku da warhaka. Yau daga ɗakina nake, idan kun ji ƙara mukayyif ne ku yi haƙuri, zafin garin nan ba ya barin mutum ya kashe shi.

To yalla, ga allon nan. Wannan wasan sunansa Stellaris, wasan gina daula ne a sararin samaniya, kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ne suka fito da shi a 2016, shi kuma Utopia ƙari ne da suka sako a 2017, a lokacin daban ake sayensa a Steam, wato kasuwar wasanni ta intanet, a ɗora kan wasan. Ni satina ɗaya kacal da farawa, wani abokina da muke dawam tare ne ya nuna min ƙwallon Dyson a jawwal ɗinsa, wato gini ne da ake kewaye tauraro sukutum da shi ana zuƙe wutarsa, sunan wani masanin kimiyya Freeman Dyson aka sa masa. Wallahi ina gani na ce sai na gina nawa.

Ammafa ku ji gaskiya tun yanzu, wannan ginin ba na farkon wasa bane. Wasan yana farawa a shekarar 2200, kana da duniyarka guda ɗaya da 'yan jirage, su ƙwallon Dyson da duniyar zobe sai can gaba bayan ka yi dogon bincike ka tara ƙarfe mai yawan gaske. Ni dare uku ina jira ban ko hango su ba, har raina ya fara ɓaci, sai daga baya na gane inda daɗin Utopia yake.

Ku duba nan sama, wannan alamar ta haɗin kai ce, wani maki da kake tarawa a wasan. Da ita kake sayen al'adu, kowace bishiyar al'ada tana da rassa 5, ka cika su sai a buɗe maka gurbi ɗaya na ɗaukaka, wato wurin zaɓar wata babbar baiwa ga daularka, gurbin nan guda 8 ne gaba ɗaya. To a nan ne Utopia ke tambayarka me kake so jama'arka su zama, ko ka gyara halittar jikinsu, ko su koma na'ura, ko su bi hanyar ƙarfin tunani. Na jima a wurin nan hannuna kan linzami shayina har ya huce ban sha ba, saboda jama'ar da ka raina tun suna duniya ɗaya yanzu kai za ka zaɓa musu makoma, kuma in ka kama hanya ɗaya khalas sauran sun rufe. Kada ku yi gaggawa a nan don Allah, ku danna dogon madannin ƙasa wasan ya tsaya, ku karanta a natse. Wasan ba shi da Larabci, ni ina ajiye jawwal a gefe ina fassara abin da ya shige min duhu.

Akwai kuma al'umma mai ƙwaƙwalwa ɗaya kamar gidan zuma, ba jam'iyyu ba ƙorafi ba sa neman kayan masarufi, ga sabon shiga tana rage ciwon kai sosai.

Sai abin da ya ci ni. Na duƙufa bincike na manta da jiragen yaƙi, ashe maƙwabcina irin masu tsarkake sarari ne, su ba sulhu ba ciniki, duk wanda ba jinsinsu ba shafe shi suke. Ina kallo suka shigo ta wannan siririn layin, kun gan shi? suka cinye min duniyoyi biyu, abin ya min zafi wallahi don na saba da su har suna na raɗa musu. Yanzu a sabon wasan nan ga abin da nake yi, jirgin kimiyya ya fara leƙa hanya, jirgin gini ya bi shi ya kafa sansani daidai mashigar da dole sai an bi ta, sannan in ɗaga darajar sansanin in zuba masa bindigogi. Ku kula kafa sansani yana cin makin da ake kira tasiri, shi kuma a hankali yake taruwa, don haka mashiga za ku fara kamawa, taurarin cikin gida ba inda za su.

Bari in danna ku gani... yauwa, ya kafu. Ga shi ana kiran isha'i a masallacin unguwa, zan ajiye wasan a nan, in na dawo sai mu buɗe bishiyar al'ada ta biyu tare insha Allah.