Keke a Kan Tudun Jos: Hawa Ake Lissafawa Kafin Kilomita

An rubuto wannan daga naɗin wata lacca da aka gabatar wa matasa masu hawan keke a Jos. An ɗan rage maimaici.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, sannunku da zuwa, musamman waɗanda suka taso tun daga Abuja.

Tambayar da aka fi yi ita ce, wace hanya ce babu motoci, kuma kilomita nawa ce? Rabin farko na tambayar daidai ne. Rabi na biyu shi ke jefa mutane cikin wahala, domin a Filato kilomita ba ta gaya maka komai sai ka san hawan da ke cikinta. Garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa ta haura mita 1,800. Abuja ba ta kai rabin tsayin Jos ba. A tsayin da muke zaune, iskar da kake shaƙa ta fi ta bakin teku sauƙi da kamar kashi 13 cikin 100. Shi ya sa baƙo zai ga yana haki a hawan da yaron unguwa yake wucewa yana hira. Ba rashin lafiya ba ne. Ka ba jikinka kwana biyu ko uku kana tafiya a hankali kafin ka nufi dutse.

Ga yadda ake lissafin. In aka ce hawa kashi 6 ne cikin 100, ana nufin a kowace kilomita guda ka ɗaga sama mita 60. Matsakaicin mahayi yana iya ɗaga mita 500 zuwa 600 a awa ɗaya in hawa ne zalla. To kilomita 40 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a gudun kilomita 20, awa biyu ce. Kilomita 40 ɗin nan in akwai hawan mita 600 a ciki, ka sa wa ranka kusan awa uku, domin gangara ba ta mayar maka da duk lokacin da hawa ya ci. Wanda bai yi wannan lissafin ba shi ne rana ke tsaya wa a ka, ruwa ya ƙare, gida kuma da nisa.

Mu zo ga hanyoyin. Hanyar Miyango, wadda ta bi ta gaban gandun namun daji ta nufi yamma cikin ƙaramar hukumar Bassa, ita ce makarantar mai koyo. Hawa da sauka ne gajeru-gajeru, tsakanin gonaki da duwatsu, babu hawan da zai tsayar da kai cak. Amfaninta shi ne tana koya maka canja giya akai-akai. Ta gabas kuma akwai hanyar Lamingo, ka wuce dam ɗin Lamingo ka tunkari gindin Shere. Wannan ta fi tsanani, kuma ita nake ganin ya kamata mutum ya auna kansa da ita kafin ya yi tunanin tafiya mai nisa. In ka hau ta ba ka sauka ka tura ba, giyarka da ƙirjinka sun yi. Sai ta kudu: daga Bukuru zuwa Kuru da Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924. Nan fili ne buɗaɗɗe, ga tafkunan da haƙar kuza ta bari, hawan ba shi da zafi amma iska ba ta da abin da ke tare ta. Matsalar wannan ɓangaren ita ce isa can, domin tsakanin Jos da Bukuru cunkoso ne na motoci da Keke Napep. Gara a ɗora kekuna a mota zuwa Bukuru, ko a ratsa kafin gari ya waye sosai.

Tafkunan nan kuwa a kalle su daga nesa. Ramukan haƙa ne, gefensu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani. Zufa ba hujjar shiga ba ce.

Titin Zariya da na Bauchi da wanda ya bi Riyom ya nufi Akwanga, waɗannan na manyan motoci ne, ba su cikin maganarmu. Hanyar Heipang zuwa Barikin Ladi da Mangu tana da kyan gani, sai dai direbobi na sakin gudu a kanta, ranar Juma'a kuwa da ake cin kasuwar Mangu motocin masara da dankali ne ke cika ta.

Wannan ya kawo mu ga abin da mutane ba sa lura da shi: shiru ba na hanya ba ne kawai, na lokaci ne. Hanya ɗaya za ta zama tamkar taka ce kai kaɗai da ƙarfe shida da rabi na safiyar Lahadi, ranar kasuwa kuma da ƙarfe goma ta koma ta 'yan acaɓa da tifofin yashi. Kafin ka zaɓi hanya, tambayi ranar kasuwar ƙauyukan da ke kanta. Ka kuma tambayi halin zaman lafiya a ranar, ba na makon jiya ba. Duk wanda ke zaune a Jos ya san yankunan Bassa da Riyom da Barikin Ladi sun sha ganin tashin hankali. Direban tasha da ke bin hanyar kullum ya fi taswirar waya sanin wannan. Kada a fita ƙasa da mutum uku, a riƙe katin shaida saboda shingen jami'an tsaro, a gaya wa na gida hanyar da aka bi da lokacin dawowa, a kuma dawo da rana tsaka. In aka ce yau kada a bi, to kada a bi.

Yanzu keken kansa. Zan daɗe a kan giya, don nan ne kuɗin mutane ke tafiya a banza. Yawancin kekunan tsere na gwanjo suna zuwa da ƙaramin faifan gaba mai haƙora 39, babban na baya kuma 25. An yi su ne don shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ko don ƙafar ɗan gasa. Tayar keken titi tana cin kamar mita 2.1 a juyi ɗaya. Da 39 da 25, kowane zagayen feda yana kai ka kusan mita 3.3. Da 34 a gaba da 32 a baya, mita 2.2 ne. A hawan da gudunka ya sauko kilomita 9 a awa, mai 34 da 32 yana juya feda kusan sau 70 a minti, ƙafarsa na yawo. Mai 39 da 25 yana sau 45, yana danna kowace feda kamar mai daka, gwiwa ce ke biya. Ciwon gaban gwiwa da matasa ke kuka da shi bayan hawan dutse, galibi daga nan yake, ko daga sirdi da ya yi ƙasa. Ma'aunin sirdi mai sauƙi ne: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba.

In za ka sa babban faifan baya, ka tabbata na'urar da ke jan sarƙa tana iya ɗaukarsa, kuma sau da yawa sai an sa sarƙa mai ɗan tsawo. Sannan a canja giya kafin hawa ya kama, ba a tsakiyarsa ana danne da feda ba. Sarƙar da ta tsinke a kan tudu, yawanci haka aka yi mata.

Tsohon Raleigh mai giya ɗaya, irin na iyayenmu, yana cin fiye da mita 5 a zagaye guda. Manoman da kuke gani suna turo shi a hawa da buhu a baya ba gazawa suka yi ba, sun san lissafinsu.

Taya: kwaltar ƙauye tana da ramuka, wani wurin ma ta ƙare ta koma burji. Siririyar taya mai milimita 23 ba ta nan ba ce. A nemi 28 zuwa 32 in firam zai ɗauka. Mai nauyin kilo 70 a kan taya 28, iska 65 zuwa 75 a ma'aunin PSI da ke jikin famfo ta isa. In ta yi yawa, keken zai riƙa tsalle a kan tsakuwa, taya ta rasa riƙo a kwana. In ta yi kaɗan, ka faɗa rami, gare, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa, ya matse tub ya huda shi wuri biyu kusa da juna kamar saran maciji. Ka ga huda biyu, iska ce ta gaza. Ka ga guda ɗaya, ƙaya ce ko waya, kuma sai ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ta, in ba haka ba sabon tub ɗin ma zai bi sahu. Guzurin kowa: tub biyu, famfo, kayan faci, abin ɓanɓare taya, alanki mai lamba 4 da 5 da 6, da mahaɗin sarƙa da ya dace da taka. Mai facin ƙauye babur ya sani, ba lallai bakin famfonsa ya shiga siririn bawul ɗinka ba.

Wani ɗan gargaɗi: shingen ƙerana da ke kewaye da gonaki da gidaje a ƙasar Birom, kada a jingina keke a jikinsa. Ruwansa fari ne kamar madara, in ya taɓa hannu ka shafa ido za ka gane kurenka.

Gangara ta fi hawa haɗari. Birkin gaba ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, don haka a matse biyun tare, a ja jiki baya a kan sirdi. A rage gudu kafin kwana, a saki a cikinta. Kada a riƙe birki ana ja tun daga sama har ƙasa: mai birkin roba, gare zai yi zafi har tub ya iya fashewa, mai birkin faifai kuma birkin zai yi sanyin kamu. Matsa, saki, matsa, saki. Da damina ruwa na kwaso yashi ya zube shi a gindin gangara da bakin kwalbati, daidai inda gudunka ya fi yawa. Ga shanu da ke ratsa titi, ga karnuka. Hular kwano dole ce, ba ado ba.

Yanayi kuma, daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 10, wani lokacin ƙasa da haka. Za ka yi zufa a hawa, gangara ta busar da ita a jikinka, saboda haka riga mai tare iska da safar hannu su shiga aljihu. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai ta zama kamar sandfefa a kan sarƙa. A goge da tsumma bayan kowace fita, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa. Baƙin man inji ƙura yake kira. Da damina ruwan ya fi saukowa da rana zuwa yamma, wani sa'in har da ƙanƙara, wanda ya fita da sassafe ya tsira.

Sanyin Jos yana ɓoye ƙishirwa. A sha rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, ko ba a ji ƙishi ba. In tafiyar ta wuce awa ɗaya da rabi, a fara ci tun kafin yunwa: ayaba ɗaya ko dabino huɗu zuwa biyar a awa. Ƙuli-ƙuli yana da daɗi amma ba ya ba da ƙarfi da wuri.

Wani daga cikin mahalarta ya tambaya ko za a iya gangara Hawan Kibo da keke har zuwa ruwan Assop.

Ɗan'uwa, ana iyawa, amma ban ba ka shawara ba. Nan ne tudun Filato ke karyewa ya sauka, gangara ce doguwa mai kwanoni, kuma ita ce hanyar tireloli da tankoki masu zuwa Akwanga da Abuja. Abin tsoron ba birkinka ba ne, birkin tirelar da ke bayanka ne. In ruwan Assop kake son gani, shiga mota. In hawa kake nema, je ka Lamingo ka hau sau uku a jere, ka dawo mu yi magana.