Mathews ko Chipper? Gardamar magoya bayan Braves a kan tasha ta uku

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, iyayenmu da ke nan gaba, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da yamma. Yau zan ɗauke ku zuwa Amurka, mu leƙa wasan besbol, mu saurari wata gardama da magoya bayan ƙungiyar Braves ta birnin Atlanta suka daɗe suna tafkawa: a tarihin ƙungiyar nan, wa ya fi a tasha ta uku, Eddie Mathews ko Chipper Jones?

Ga wanda bai san wasan ba, bari in faɗi aikin a taƙaice. Filin ciki yana da kusurwa huɗu, ƙafa 90 ne tsakanin kowace tasha da mai bi mata. Yawancin masu bugu na-dama ne, kuma idan suka sami ƙwallo da kyau, ɓangaren tasha ta uku take nufa da gudun tsiya. Mutumin da ke tsaye a wurin ba shi da lokacin tunani. Zai tare ta, ko da ƙirji ne, ya ɗauka, ya wurga ta wajen ƙafa 127 zuwa tasha ta farko kafin mai gudu ya taka. Idan kuma layinsa ya zo, ana son ya ɗauki kulki ya buga. Babban bugu shi ne hom-ron, wato ƙwallo ta tsallake katangar fili.

To, mutanen Chipper suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Braves ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen matasa na 1990, bai taɓa sa rigar wata ƙungiya ba har ya yi ritaya a 2012. Ya buga hom-ron 468. Yana bugu da dama, yana bugu da hagu, abin da 'yan wasa ƙalilan ke iyawa da kyau. Matsakaicin bugunsa .303 ne, wato a duk tsayuwa goma yana cin uku, kuma a wannan wasa wannan gwaninta ce ta gaske. Ya ci kofin duniya, wato babban kofin besbol na Amurka, a 1995, aka zaɓe shi gwarzon shekara a 1999. A watan Satumba na shekarar ne ya buga hom-ron huɗu cikin wasa uku da Mets ta New York, lokacin da ƙungiyoyin biyu ke neman saman tebur. Mutanen New York sun tsane shi har suna rera masa sunansa na yanka, "Larry, Larry", don su ɓata masa rai. A 2008, yana ɗan shekara 36, ya fi kowa matsakaicin bugu da .364.

Duk wannan na yarda da shi. Amma ni Mathews na zaɓa, kuma ina so ku ji dalili.

Mathews ya fara a 1952, lokacin Braves tana Boston. Shekara ta zagayo ƙungiya ta yi ƙaura zuwa Milwaukee, yaro ɗan shekara 21 ya buga hom-ron 47, ya fi kowa a faɗin Amurka. Daga 1953 zuwa 1961, shekara tara a jere, bai taɓa yin ƙasa da 30 ba. Jimillarsa 512, kuma 493 daga ciki da rigar Braves ya buga su. Ku kwatanta da 45 ɗin da Chipper ya buga a 1999: a wannan shekarar Mark McGwire ya yi 65, Sammy Sosa ya yi 63. Ba ina ɗora wa Chipper laifin zamaninsa ba ne, domin sunansa bai fito a rahoton Mitchell na 2007 kan shan ƙwayoyin ƙara kuzari ba. Abin da nake cewa shi ne, mudun da aka auna shi da shi ya fi na Mathews faɗi. Sannan Chipper ya bar tasha ta uku a 2002 da 2003, ya koma tsaron bayan fili don a ba Vinny Castilla wuri. Halin kirki ne, amma tambayarmu a kan tasha ta uku take.

Yanzu ku ba ni hankalinku, mu je watan Oktoba na 1957, jerin wasannin ƙarshe na kofin duniya tsakanin Milwaukee da Yankees ta New York. A wasa na huɗu an shiga ƙarin lokaci, Yankees na gaba da 5 da 4. Jifa ta taɓa ƙafar Nippy Jones na Braves, alƙali ya ce bai gani ba, sai da aka nuna masa tabon man takalmi a jikin ƙwallo sannan ya ba shi tasha. Johnny Logan ya farke. Mathews ya zo ya ɗaga ƙwallon Bob Grim, mai jifan Yankees, ta tsallake katanga, aka tashi 7 da 5. A wasa na bakwai, a gidan Yankees, Lew Burdette na jifa, Braves na gaba da 5 da nema. Zagaye na tara, wato na ƙarshe, saura mutum ɗaya a fitar, amma Yankees sun cika tashoshi uku da mutanensu. Bill Skowron ya sharɓo ƙwallo ta bi layin tasha ta uku. Da ta wuce, da wasa ya canza. Mathews ya miƙa hannu ta ɗaya gefen jikinsa ya cafke ta, ya ruga ya taka tasha. Kofi kenan, kuma shi kaɗai ne Braves ta ci a zamanta na Milwaukee. Kulkinsa ya ceci wasa na huɗu, safar hannunsa ta rufe na bakwai.

To me ya sa idan aka yi wannan muhawara a Atlanta sau da yawa Chipper ke rinjaye? Jama'a, a nan ne abin yake damuna. Shaidun Mathews an baro su a wani gari. Mutanen Milwaukee, waɗanda suka riƙa cika filin County Stadium fiye da mutum miliyan biyu a shekara daga 1954 zuwa 1957, su ne suka ga ƙuruciyarsa. A 1966 aka kwashe musu ƙungiya aka kai Atlanta. Mutanen Atlanta shekara ɗaya tak suka gan shi yana wasa, ƙarfi ya fara ja baya, ya buga hom-ron 16, aka tura shi Houston. Shi kaɗai ne ɗan wasan da ya yi wa Braves wasa a garuruwanta uku, amma babu garin da ya riƙe shi daga farko har ƙarshe. Chipper kuwa ya zo lokacin da tashar TBS ke nuna wasan Braves kusan kullum a faɗin ƙasar, kuma ƙungiyar tana cin rukuninta shekara bayan shekara. Yara sun tashi da fuskarsa a falon gidansu. Gani ya kori ji, haka ne, amma a nan ganin ya yi wa wani rashin adalci.

Akwai kuma inuwar Hank Aaron, shahararren abokin wasan Mathews a Braves. Su biyun sun buga hom-ron 863 suna ƙungiya ɗaya, kuma duk wanda ya tsaya kusa da Aaron dole haskensa ya ragu. Ranar 8 ga Afrilu 1974, da Aaron ya buga na 715 ya wuce Babe Ruth, wanda ke riƙe da tarihin yawan hom-ron a lokacin, Mathews ne kocin Braves, yana zaune a benci. Mutane kaɗan ke tuna wannan. Hatta zauren gwanaye na Cooperstown sai a 1978 ya shiga, bayan an sha jefa ƙuri'a ana tsallake shi, alhali Chipper ya shige a karon farko a 2018 da sama da kashi 97 cikin ɗari. Masu lissafin zamani, da ke auna yawan nasarar da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa bisa la'akari da zamaninsa, sun ba Mathews sama da 90, Chipper kuma 80 da wani abu.

Braves ta jingine lamba 41 ta Mathews da lamba 10 ta Chipper, ba wanda zai sake sa su. Mathews ya rasu a 2001, Chipper na tsakiyar tashensa. Ni dai ƙuri'ata ta mai lamba 41 ce. Na ga hannaye biyu a sama tun ɗazu, kuma na san ɗan'uwana na can baya mutumin Chipper ne. A miƙa masa makirfo ya fara.